Kuɗin biki da aljihun talaka

Manyan bankunan Afirka sun kamu da yayin buga takardar kuɗi ta musamman duk lokacin da wani biki ya zagayo. A Maris 2017 Bankin Ghana ya fitar da sidi 5 mai hoton malamin nan James Kwegyir Aggrey don murnar cikar bankin shekara 60. Najeriya ta riga shi: naira 50 a 2010 saboda shekara 50 da samun 'yanci, sai naira 100 a 2014 saboda shekara ɗari da haɗe Arewa da Kudu. Ana kiran abin girmama tarihi, amma siyasa ce ta fi yawa a ciki.

Takardar kuɗi ta fi rediyo shiga lungu. Tana hannun mai shayi, tana ƙulle a bakin zanen 'yar talla, kwandasta na murza ta tun asuba. Shi ya sa ake zaɓen ƙananan kuɗi, waɗanda kowa ke taɓawa. Yahya Jammeh na Gambiya bai ma ɓoye ba, ya buga dalasi 20 da fuskarsa don cika shekara 20 a kan mulkin da ya ƙwata da bindiga. Goodluck Jonathan na Najeriya kuwa ya ƙaddamar da tasa naira 100 a Nuwamba 2014, zaɓe saura 'yan watanni.

A Arewa wannan takarda ta bar tabo. An cire rubutun ajami, kamar yadda aka yi wa naira 5 zuwa 50 tun 2007, aka rubuta "Naira Ɗari" da boko, aka kuma manna wata alama mai zane-zane wadda sai da babbar waya ake buɗe tarihin da ke cikinta. Dattijon da ya yi karatun allo ya rasa rubutun da ya iya, an ba shi wanda ba zai taɓa karantawa ba. Takardar bikin haɗin kai ta ɓuge da raba kan mutane.

Masu kare yayin suna cewa dama tsofaffin takardu sai an sake bugawa, don haka ƙarin kuɗin da ake kashewa kaɗan ne, kuma ana samun damar ƙara matakan hana jabu. To, an ji. Sai dai hana jabu ba ya buƙatar biki.

Aikin babban banki shi ne kare darajar kuɗin, kuma nan ne abin ya fi ciwo. Shekara biyu bayan bikinsa, Bankin Ghana ya koma buga sidi 100 da 200, kuma a Disamba 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin ɗari. Ranar da naira 100 ta biki ta fito, dala ba ta kai naira 200 ba. A 2024 ta zarce 1,500, kuma a lokacin da ƙyar takardar ke sayen ledar ruwa biyu.