Saita Kwanan Wata da Adadin Kuɗi a Kwamfutar Ofis: Bayani ga Ma'aikata da Sauran Jama'a

Ran 1 ga watan Janairu, 1973, Nijeriya ta bar lissafin fam da sule ta koma ga Naira da kwabo. Fam ɗaya ya zama Naira biyu, sule goma Naira ɗaya, sule guda kuwa kwabo goma. Akawun da ya saba raba shafin littafin kuɗi gida uku, na fam da na sule da na kwabo, sai da ya koyi rubuta adadi gida biyu tare da ɗigo a tsakani. An yi ta bayani a rediyo da jaridu kafin ranar ta zo, domin hukuma ta san cewa idan mutum biyu suka dubi adadi ɗaya kowa ya karanta shi dabam, rigima ba ta da nisa.

Yau littafin kuɗin ya koma cikin kwamfuta, kuma irin wancan haɗari ya sake ɓullowa ta wata ƙofa.

Mece ce wannan manhaja?

A da kowane sashe na ofis da nasa littafi. Ma'aji yana da littafin shiga da fitar kuɗi, mai kula da sito yana da na kaya, fayilolin ma'aikata kuma suna can wani ɗaki. Manhajar da masana ke kira ERP a taƙaice ita ce ta tattara waɗannan duka a rumbun ajiya guda, yadda abin da aka shigar a sashe ɗaya zai bayyana nan take a sauran. Manyan kamfanoni suna aiki da irin su SAP, ta ƙasar Jamus, da Oracle, ta Amurka. Gwamnatin Tarayya kuwa ta fara biyan albashi ta tsarin IPPIS a 2007, ta buɗe GIFMIS na kasafi da biyan kuɗi a 2012 a ƙarƙashin Ofishin Akanta-Janar na Tarayya, sa'an nan a 2015 ta umarci ma'aikatunta su mayar da kuɗaɗensu asusun bai-ɗaya a Babban Bankin Nijeriya. A watan Disamba na 2023 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a fitar da jami'o'i da kwalejojin ilmi da na fasaha daga IPPIS. Jihohi da ƙananan hukumomi suna da nasu tsarin albashi dabam, amma abin da za a bayyana a nan ya shafe su duka.

Kada a ɗauka wannan lamari na Abuja ne kaɗai. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da kafa Kwalejin Ilmi ta Tarayya a Jama'are, a 2021 kuma Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare. Ga sakatariyoyin ƙananan hukumomi, ga bankuna, ga 'yan kwangila masu kai wa hukuma kaya. Abin da akawu ya buga a teburinsa a Jama'are, shi wani jami'i zai karanta a Bauchi ko Abuja, kuma da shi banki zai biya.

Abin da ke ciki da abin da ido ke gani

Kwamfuta tana ajiye kwanan wata da adadi ta hanyarta guda ɗaya a cikin rumbu. Abin da ke bayyana a fuskarta kuwa ya dangana ga saitin da aka yi wa mai aiki da ita. Akawu biyu suna iya buɗe takardar biya ɗaya, wannan ya ga 1,500.00 wancan ya ga 1.500,00, alhali kuɗin da ke rumbu bai canja ba. Har nan babu ɓarna. Ɓarna tana zuwa ne wajen shigarwa, domin da wannan saiti ɗin ne na'ura ke fassara abin da aka buga mata. Kamar mai awo ne a kasuwar Azare: in an ce masa a auna goma, zai auna goma da kwanon da ke hannunsa, ko mudu ne ko tiya, ba zai tsaya tambayar wanda mai saye ke nufi ba.

Kwanan wata

A Nijeriya ana fara rubuta rana, sa'an nan wata, sa'an nan shekara. A Amurka wata ake farawa da shi. Kwamfutoci da yawa kuwa suna isowa da saitin Amurka, kuma a haka ake kunna su a fara aiki ba wanda ya duba.

A ɗauka ga ma'aikaci an haife shi ran 1 ga Disamba, 1968, an rubuta 01/12/1968 a fayilinsa. Akawu ya kwafe wannan daidai, bai yi kuskuren ko lamba ɗaya ba, amma saitinsa na Amurka ne. Na'ura za ta ajiye 12 ga Janairu. Ƙa'idar aikin Gwamnatin Tarayya ga yawancin ma'aikata ita ce ritaya a shekara 60 da haihuwa ko 35 da fara aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ke nan za a dakatar da albashin wannan bawan Allah kusan wata goma sha ɗaya kafin lokacinsa. In kuwa kuskuren ya juya ta ɗaya gefen, zai ci gaba da karɓar albashi bayan ranar ritayarsa, daga baya a ce ya mayar, a lokacin da ba shi da ƙarfin biya.

Abin da ya sa wannan kuskure ke daɗewa a ɓoye shi ne ba kullum yake faruwa ba. Idan rana ta wuce 12, alal misali 25/12, na'ura mai saitin Amurka za ta ƙi karɓa, tun da babu wata na 25, akawu kuma ya farga. Amma daga 1 zuwa 12 ga kowane wata lambobin biyu suna iya musanya wuri. Kwanaki 144 ke nan a shekara. In aka cire 12 da ba su da illa, watau irin su 01/01 da 02/02, saura 132 da za su iya shiga a juye ba tare da wani gargaɗi ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin shekara ke nan.

Maganin yana da sauƙi. Inda manhaja ta ba da zaɓi, a ɗauki tsarin da ke nuna sunan wata da haruffa, domin shi ba ya ruɗa kowa. Inda babu, a saita rana, wata, shekara ga dukan ma'aikatan ofis baki ɗaya. Akwai kuma tsarin da ƙungiyar daidaita ma'auni ta duniya ta fitar a 1988, mai farawa da shekara, watau 1968-12-01, wanda ya fi dacewa wajen aika bayanai daga wata manhaja zuwa wata. Shekara kuwa a riƙa rubuta ta da lambobi huɗu. Manhajar Excel, bisa saitinta na asali, tana ɗaukar 29 a matsayin 2029, amma 30 sai ta mai da ita 1930, ga shi kuwa yanzu ana rubuta kwangiloli masu ƙarewa a 2030.

Waƙafi da ɗigo

'Yan kasuwar da ke hulɗa da Maraɗi da Damagaram sun san cewa kalma ɗaya tana iya ɗaukar kuɗi biyu. Jaka a Nijeriya fam ɗari ce a da, watau Naira 200, amma a Nijar jaka sefa 1,000 ce. Haka abin yake a rubuce. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, inda waƙafi ke raba dubbai, ɗigo kuma ya raba Naira da kwabo. Nijar ta gaji na Faransa, inda waƙafi ke raba cikakken adadi da ɓurɓushinsa, a bar ɗan fili tsakanin dubbai. Jamusawa su ma waƙafi suke sa wa ɓurɓushi, su raba dubbai da ɗigo. SAP tana da waɗannan tsare-tsare uku duka, kuma in ba a zaɓa wa sabon ma'aikaci komai ba, na Jamus take ba shi.

A gurbin kuɗi na'ura takan kama kuskuren, domin kwabo gida biyu yake ɗauka, in aka buga 45,500 sai ta ce lambobin bayan waƙafi sun yi yawa. Gurbin yawan kaya shi ne abin tsoro, tun da yakan karɓi gida uku. Mai kula da sito ya karɓi lita 1,500 na man dizal, ya buga haka da waƙafi yadda aka koya masa tun makaranta, na'ura ta ajiye lita ɗaya da rabi. Ɗan kwangila ya kawo takardar neman biyan lita dubu da ɗari biyar, manhaja ta ƙi amincewa domin bai yi daidai da abin da sito ya karɓa ba. Sai a yi makonni ana zargin juna, mai kaya yana cewa an danne masa haƙƙi, mai binciken kuɗi yana tuhumar mai sito, alhali waƙafi ɗaya ne ya jawo. Sabo da haka akawu mai lura ba ya buga waƙafi ko kaɗan. Lambobi zalla yake shigarwa, ya bar na'ura ta raba dubbai da kanta, sa'an nan ya dubi yadda ta nuna kafin ya ajiye.

Wajen karanta rahoto ma akwai abin lura. In an rubuta ₦'000 a kan shafi, kowane adadi dubbai ne, 250 na nufin Naira 250,000. Adadin da aka sa cikin baka biyu ragi ne, SAP kuwa a bayan adadi take sa alamar ragi, inda ido kan tsallake ta. Rahoton da aka ɓoye kwabbansa yana iya nuna jimla da ta saɓa da Naira ɗaya ko biyu, ba don kuɗi ya ɓata ba.

Sifilin farko da sunan Jama'are

Lambar asusun banki gida 10 ce, lambar BVN da ta katin ɗan ƙasa gida 11 kowace. Waɗannan sunaye ne da aka rubuta da lambobi, ba a tara su ba a ɗebe su. Amma idan aka fitar da jerin albashi zuwa Excel ba a saita layin a matsayin rubutu ba, sai ta share sifilin da ke farkon lambar asusu, gida 10 ya koma 9, banki ya mayar da kuɗin.

Sunan garin Jama'are kansa abin gwaji ne. Ɗan waƙafin sama da ke tsakiyarsa harafi ne a Hausa, yana tsaye a madadin hamza, amma wasu manhajoji ba su karɓarsa. Wani akawu ya rubuta Jama'are, wani Jamaare, wani ya bar fili a tsakani. Na'ura ba ta san gari ɗaya ba ne, in aka nemi jimlar abin da aka kashe a can sai ta kawo kashi ɗaya ta bar biyu. Haka sunaye irin su Sa'adu, Ya'u da A'isha, da masu haruffan ƙugiya irin su Ɗanladi da Ƙasimu. Kwamfutocin yanzu suna iya rubuta ɓ, ɗ da ƙ, da alamar ₦, amma in bayani ya bi ta tsohuwar manhaja sai su koma alamar tambaya ko ɗan akwati. Abin takaici ne a ce harshe mai miliyoyin masu magana yana rage haruffansa domin na'ura, kuma ya kamata duk hukumar da za ta sayi sabuwar manhaja ta sa karɓar waɗannan haruffa cikin sharuɗɗan ciniki. Kafin nan, sunan gari a zaɓe shi daga jerin da aka riga aka tsara, sunan mutum kuwa a rubuta shi harafi da harafi yadda yake a banki, domin saɓani tsakanin biyun yana iya tsayar da biya.

Inda ake yin saitin

Wuri biyu ne, wani lokaci uku. Akwai saitin yanki na ita kwamfutar kanta, inda a Windows ake zaɓar Nijeriya, da agogon Afirka ta Yamma wanda ke gaban na Girinwic da awa ɗaya. Akwai saitin kowane ma'aikaci a cikin manhajar, wanda a SAP ake buɗewa da SU3, kuma ba ya fara aiki sai mutum ya fita ya sake shiga. Manhajar da ake shiga ta intanet kuwa takan bi harshen da aka sa wa burauza. Gyara ɗaya a bar sauran shi ke sa rahoto ya fito daidai a fuska, ya juye bayan an sauke shi.

Wannan aiki bai kamata a bar wa kowane akawu ya yi yadda ya ga dama ba. Shugaban sashen kuɗi ya tsayar da tsari ɗaya a rubuce, mai kula da kwamfutoci ya sa wa kowa tun ranar da aka buɗe masa shiga, a kuma sake dubawa duk lokacin da aka kawo sabuwar na'ura ko aka dawo da tsohuwa daga wurin gyara. Gwajin ba ya cin minti biyu: a buga 13/01/2025 a ga ko ta karɓa, a buga 1500 a ga inda ta sa waƙafi.

Shi kuma ma'aikaci ko ɗan fensho ko ɗan kwangila da ba ya taɓa na'urar, yana da nasa rabo. In zai cike takarda, ya rubuta sunan wata da haruffa. In an ba shi takardar bayanansa da aka buga daga kwamfuta, ya dubi ranar haihuwa da ranar fara aiki, ya ƙirga lambobin asusunsa, ya gwada rubutun sunansa da na banki, kafin ya sa hannu. Gyaran ranar haihuwa bayan ta shiga rumbu ba ya hannun akawun ofis. Sai an rubuta zuwa sama tare da takardar ɗaukar aiki da shaidar haihuwa, kuma yakan ɗauki lokaci, don haka wanda ya ga kuskure ya kai ƙorafinsa a rubuce tun yana bakin aiki, ya riƙe kofin da aka buga wa hatimin karɓa.