Matafiyan Ƙaraye da Rogo da Lissafin Kuɗin Masauki

Sau da dama a cikin shekara, matasa masu yi wa ƙasa hidima daga jihohi daban-daban na Nijeriya sukan nufo Ƙaraye, inda sansanin horon hukumar NYSC na Jihar Kano yake, a gefen madatsar ruwa ta Kusalla. Da yawansu sukan wuni a mota, su iso birnin Kano bayan magariba. Hukumar kuwa ta sha yi musu gargaɗi kada su yi tafiyar dare, su nemi inda za su kwana, gari ya waye su ƙarasa. Haka kuma ma'aikata da ɗaliban Ƙaraye da Rogo sukan yi tasu tafiyar zuwa birni: wani zai bi takardunsa a Sakatariyar Audu Baƙo, wani zai yi rajista a Jami'ar Bayero, wani ya kai majinyaci Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk waɗannan mutane abu guda ya haɗa su, watau guzurinsu ƙidayayye ne, kuma kuɗin ɗakin da aka faɗa musu da baki, ko suka gani a waya, sau da yawa yakan gaza abin da za su tarar a kan rasit ranar tashi.

Tsakanin Kano da madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a ƙasar Ƙaraye a 1992, akwai kimanin kilomita 90. Rogo kuwa tana gaba, a kan iyakar Kano da jihohin Kaduna da Katsina, har ma mutanenta da yawa sun fi ganin kusancin Zariya. Tafiya ce da mutum zai iya yi ya dawo a rana guda in al'amarinsa ya tafi daidai. Amma duk wanda ya san aikin ofis ya san cewa "dawo gobe" ba baƙuwar magana ba ce. Daga nan ne batun masauki yake tasowa, kuma wanda bai shirya masa ba shi ne ke biyan kuɗi mafi yawa.

Yadda ake sauka a dā

Ba yau aka fara lissafin masauki a ƙasar Hausa ba. A zamanin fatauci, ayari yakan yada zango a bayan gari, fatake kuma su sauka a gidan fatoma. Fatoma yakan ba baƙo ɗaki da abinci da wurin ajiye kaya, ya nemo masa dillali, ya kuma tsaya masa in aka yi ciniki bashi. Ba ya cewa a biya shi kuɗin kwana, domin ladansa yana fitowa daga la'adar cinikin. Wani masani mai suna Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafin da ya fitar a 1969 game da masu masaukin fataken shanu da goro a unguwar Sabo ta Ibadan. Abin lura a nan shi ne, ko a wancan zamani masauki yana da kuɗinsa, sai dai falke ya san ta inda ake cirewa tun kafin ya sauke kayansa.

Da Turawa suka zo, sai aka gina barikoki a manyan garuruwan hakimai domin jami'an da ke rangadi. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnatin Audu Baƙo ta shiga gina manyan masaukai, irin su otal ɗin Bagauda da na Tiga. Otal ɗin Bagauda yanzu ya zama reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya. A yau harkar masauki kusan duka tana hannun 'yan kasuwa, kowa da farashinsa, kowa da sharuɗɗansa. Manyan otal-otal sun taru ne a cikin birni, a unguwannin Nasarawa da Bompai da Sabon Gari da kan titin Zariya.

Abubuwan da ake ɗorawa

Abu na farko da ake ɗora wa kuɗin ɗaki shi ne harajin nan da ake kira VAT. An fara karɓarsa a Nijeriya a watan Janairu na 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 daga ranar 1 ga Fabrairu, 2020. Na biyu shi ne kuɗin hidima, wanda manyan otal-otal da yawa suke sanyawa a kan kashi 10 cikin ɗari. Wannan ba haraji ba ne, mai otal ne ke sanya shi. Na uku shi ne harajin da wasu jihohi suke ɗora wa otal-otal da gidajen abinci. Jihar Legas, alal misali, ta kafa dokar karɓar kashi 5 cikin ɗari a 2009. A watan Yuli na 2013 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa yi wa otal-otal rajista da ba su lasisi aikin jihohi ne. Saboda haka bai kamata matafiyi ya ɗauka abin da ya saba gani a jiharsa shi zai tarar a wata jihar ba.

A ɗauki misali domin a ga yadda lissafin yake. In aka ce ɗaki Naira 20,000 ne a dare, kuɗin hidima zai zama Naira 2,000, harajin VAT kuma Naira 1,500. Jimla Naira 23,500 ke nan. In mutum ya yi kwana uku, zai biya Naira 70,500, watau kusan albashi mafi ƙaranci na wata guda, Naira 71,000, wanda Gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a 2024. To, a ce akwai wani otal da ya sa Naira 22,000 a dare, amma da haraji da kuɗin hidima duk a ciki. Wanda ya dubi allo kawai zai ce na biyun ya fi tsada da Naira 2,000. Wanda ya yi lissafi kuwa zai ga kwana uku a can Naira 66,000 ne, ya sami rarar Naira 4,500. In har da karin kumallo a ciki, rarar ta fi haka.

Akwai kuma kuɗin ajiya da wasu masaukai ke karɓa tun a bakin ƙofa, wai ko baƙo zai yi ɓarna. Ana mayar da shi ranar tashi, amma yakan riƙe wa mutum kuɗin abincinsa na kwanakin. Sai kuma lokacin fita. A yawancin otal-otal kwana yana ƙarewa ne da ƙarfe 12 na rana, ko da kuwa baƙo ya shigo da tsakar dare. Wanda ya bar jakarsa a ɗaki ya tafi ofis, ya dawo da la'asar, zai iya tarar da an rubuta masa rabin kwana, ko ma cikakken kwana.

Alawus da wutar lantarki

Wannan lissafi ya fi shafar ma'aikacin gwamnati, domin alawus ɗin tafiyarsa a ƙayyade yake. A takardar da Hukumar Tsara Albashi ta Ƙasa ta fitar a 2022, an yanka wa ma'aikatan Gwamnatin Tarayya masu mataki na 7 zuwa na 10 Naira 17,500 a kowane dare, masu mataki na 1 zuwa na 4 Naira 10,000, masu mataki na 16 da na 17 kuwa Naira 37,500. Daga cikin kuɗin nan ne mutum zai kwana, ya ci abinci. In aka bi lissafin da ya gabata, mai Naira 17,500 ba zai iya kama ɗakin da ya wuce kimanin Naira 14,900 a kan allo ba, in za a ɗora masa haraji da kuɗin hidima, kuma wannan kafin ya sa komai a cikinsa. Ɗalibi kuwa ba shi da alawus ko kaɗan, sai abin da iyaye suka tattara. Mai yi wa ƙasa hidima shi ma, ko da yake an ɗaga alawus ɗinsa zuwa Naira 77,000 a 2025, daga aljihunsa yake biyan kuɗin daren da ya yi a hanya kafin ya shiga sansani.

Su ma masu masaukin suna da nasu uzurin. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin tayar da injin wuta ya ƙaru ƙwarai. A watan Afrilu na 2024 kuma aka ninka kuɗin wutar lantarki fiye da sau uku ga masu rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana. Wannan ya sa ƙananan masaukai da yawa suke ƙayyade sa'o'in da za su tayar da inji. Ɗaki mai na'urar sanyaya iska ba shi da wani fifiko a kan mai fanka in an kashe inji da tsakar dare a watan Afrilu. Saboda haka tambayar "daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa ake ba da wuta?" tana cikin tambayar farashi. Haka ma tambayar ruwa.

Kama ɗaki ta waya

A yanzu mutum yana zaune a Rogo zai iya duba farashin otal-otal na Kano ko Kaduna ko Abuja ta intanet. Akwai kamfanin Booking.com, wanda aka kafa a ƙasar Holan a 1996, akwai kuma Hotels.ng na nan gida, wanda Mark Essien ya kafa a 2013. Amfaninsu a fili yake: mutum zai jera masaukai goma a gabansa, ya karanta abin da baƙin da suka kwana a can suka faɗa. Sai dai waɗannan kamfanoni dillalai ne, kuma dillali da la'ada yake ci. La'adar da otal ke biyansu takan kai kashi 15 cikin ɗari ko fiye. A ɗakin Naira 20,000, Naira 3,000 ke nan. Shi ya sa wanda ya ga farashi a intanet, sa'an nan ya buga wa otal ɗin waya kai tsaye, wani lokaci yakan sami ragi, musamman in zai yi kwanaki.

Wajibi ne kuma a karanta sharaɗin fasa tafiya. Sau da yawa ɗaki guda yana da farashi biyu: mai sauƙi, wanda in an biya ba a mayarwa, da mai ɗan tsada, wanda za a iya sokewa. Ma'aikacin da aka kira taro ya san ana iya ɗaga taron a daren jajibere. A gare shi mai ɗan tsadan shi ne mai araha. In an rubuta farashi da Dalar Amurka, to a nemi a ji nawa ne da Naira a ranar biya. Kada kuma a tura kuɗin kafin alƙalami zuwa asusun wani mutum da aka gani a Facebook ko WhatsApp, sai an tabbatar da cewa asusun na otal ɗin ne.

Ɓoye wani sashe na farashi ba matsalar Nijeriya kaɗai ba ce. A 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Ingila ta sa manyan kamfanonin kama ɗaki ta intanet suka yi alkawarin nuna duk kuɗin da ya zama dole a cikin farashin farko. A Amurka ma wata doka ta fara aiki a watan Mayu na 2025, wadda ta wajabta wa masu masaukai su bayyana jimlar kuɗi tun da fari. A nan gida, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana farashin kayansa ko aikinsa, kuma akwai hukumar tarayya da ke sauraron koke a kan haka. Amma mai koke yana bukatar shaida, shaidar kuwa ita ce rasit.

Kuɗin zirga-zirga

Abu na ƙarshe da ake yawan mantawa shi ne nisan masauki da wurin da mutum zai je. Tun 2013 aka hana haya da babur a cikin birnin Kano, saboda haka A Daidaita Sahu ne abin hawan yawancin baƙi. Ɗalibin da ya fito daga Ƙaraye zai yi rajista a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, in ya kama ɗaki mai araha a can wani gefen gari, abin da ya rage a kuɗin ɗaki zai iya ƙarewa a kuɗin zuwa da dawowa, ban da ɓata lokaci. Mutumin Rogo da zai je Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ko asibitin koyarwa na Shika, shi ma lissafinsa ke nan. Mai zuwa aiki Ƙaraye ko Rogo kuwa, kamar jami'in da aka turo duba madatsar Challawa, sai ya auna tsakanin kwana a birni yana jeka-ka-dawo kullum, da neman masauki a can ta hannun ofishin da ya gayyace shi.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Kafin a bar gida, ya kamata matafiyi ya tuntuɓi masaukai aƙalla uku, ya yi wa kowanne tambayoyi iri ɗaya: nawa ne jimlar kuɗin da haraji da kuɗin hidima, ko akwai kuɗin ajiya, ƙarfe nawa ake fita, sa'o'i nawa ake ba da wuta, ko da karin kumallo a ciki, me zai faru in an fasa zuwa. Ya rubuta amsoshin a takarda, ya haɗa da kuɗin motar zuwa wurin sabgarsa, sa'an nan ya zaɓa. In an amince da farashi ta waya, ya nemi a aiko masa da shi a rubuce. Ranar tashi kuma kada ya fita sai da rasit mai ɗauke da sunan otal da bayanin kowane kuɗi, domin shi akanta zai nema a ofis, shi ne kuma hujjarsa in an caje shi fiye da abin da aka yi alkawari.