Amurka: Dokokin da ke rufe tarihin tsofaffin laifuka

Jihohi fiye da goma a Amurka sun kafa dokokin da ke rufe bayanan tsofaffin laifukan da mutum ya aikata, ba tare da ya je kotu ya nema ba, matuƙar ya shafe wasu shekaru bai sake taka doka ba.

Manufar dokokin, waɗanda ake kira Clean Slate, wato wanke allo, ita ce a sauƙaƙa wa wanda ya gama zaman hukuncinsa samun aikin yi da gidan haya.

An ƙiyasta cewa Amurkawa miliyan 70 zuwa 100 ne sunansu ke cikin kundin 'yan sanda ko na kotu, wato kusan mutum ɗaya cikin kowane baligai uku. Da yawansu kama su kawai aka yi, ba a same su da laifi ba.

Tabon da ba ya gogewa

A Amurka akasarin kamfanoni kan binciki tarihin mai neman aiki kafin su ɗauke shi, haka ma masu gidajen haya. Akwai kamfanoni masu zaman kansu da sana'arsu ke nan: su tattara bayanan kotuna, su sayar wa duk mai buƙata.

Saboda haka, laifin da matashi ya yi yana ɗan shekara 19 kan iya tsole masa ido yana ɗan shekara 40.

A shekarar 2003 wata masaniyar halayyar jama'a, Devah Pager, ta wallafa sakamakon wani gwaji da ta yi a birnin Milwaukee, inda ta tura samari neman aiki da takardun shaida iri ɗaya, amma wasunsu suka ce an taɓa ɗaure su.

Daga cikin fararen fata, an sake kiran kashi 34 cikin 100 na waɗanda ba su da tabo, da kashi 17 na masu tabo. A wajen baƙar fata kuwa, kashi 14 ne da kashi 5. Ke nan farar fatar da ya taɓa zaman kurkuku ya fi baƙar fatar da bai taɓa laifi ba samun karɓuwa.

Me ya sa tsohon tsari bai wadatar ba?

Tun da daɗewa jihohi da dama sun ba mutane damar roƙon kotu ta rufe tarihinsu. Sai dai hanyar tana da sarƙaƙiya: cike takardu, biyan kuɗi, ɗaukar hoton yatsu, wani lokaci har da ɗaukar lauya da bayyana gaban alƙali.

Wani bincike da wasu malaman shari'a biyu, J.J. Prescott da Sonja Starr, suka wallafa a 2020 game da jihar Michigan, ya gano cewa kashi 6.5 cikin 100 ne kacal na waɗanda suka cancanta suka samu aka rufe tarihinsu cikin shekaru biyar.

Amma waɗanda suka samu, abin da suke samu daga aiki ya ƙaru da fiye da kashi 22 cikin 100 a shekara guda, galibi saboda marasa aiki sun samu aiki. Kuma ƙalilan ne daga cikinsu suka sake aikata laifi.

Wannan ne ya ƙarfafa ra'ayin cewa gara hukuma ta ɗauki nauyin aikin da kanta, ta yi amfani da kwamfuta wajen tace waɗanda suka cika sharuɗɗa.

Yadda dokokin ke aiki

Jihar Pennsylvania ce ta fara. Gwamna Tom Wolf ya sa wa dokar hannu a 2018 da goyon bayan 'yan jam'iyyun Democrat da Republican, aka kuma fara rufe bayanan a 2019. Da farko ta shafi ƙananan laifuka ne bayan shekaru goma, sai aka faɗaɗa ta a 2023.

Jihar Utah ta biyo baya a 2019, Michigan kuma a 2020, inda ake jiran shekaru bakwai kan ƙaramin laifi, shekaru goma kan babba.

A New York, Gwamna Kathy Hochul ta sa hannu a watan Nuwamban 2023, dokar kuma ta soma aiki bayan shekara guda. A can, shekaru uku ake jira kan ƙaramin laifi, takwas kan babba, daga ranar yanke hukunci ko ranar fita daga kurkuku. An ba kotunan jihar zuwa 2027 su kammala aikin.

Dokar ta New York ba ta shafi kisan kai da laifukan fyaɗe da makamantansu ba.

Rufewar ma ba shafewa ba ce. 'Yan sanda da alƙalai da masu ba da lasisin bindiga za su ci gaba da ganin bayanan, haka nan wuraren aikin kula da yara da tsofaffi. Waɗanda aka toshe wa su ne sauran masu ɗaukar ma'aikata da masu gidaje.

Birtaniya ta daɗe da irin wannan tsari. Wata dokar 1974 ta tanadi cewa bayan wani wa'adi, mutum ba ya buƙatar bayyana tsohon laifinsa a yawancin ayyukan da zai nema.

Suka da cikas

Masu adawa, ciki har da 'yan majalisar Republican a New York, sun ce mai gida ko mai kamfani yana da haƙƙin sanin wanda zai ba amana, kuma dokar ba ta yi la'akari da waɗanda aka zalunta ba.

Magoya baya kuma na cewa wanda aka hana aiki da muhalli shi ya fi saurin komawa gidan jiya. Wasu manyan kamfanoni, kamar bankin JPMorgan Chase, sun mara wa dokokin baya, suna masu cewa tattalin arziki na asarar ma'aikata.

Akwai kuma matsalar intanet. Kotu na iya rufe kundinta, amma labarin da jarida ta buga shekarun baya yana nan, kuma wasu kamfanonin bincike kan ci gaba da sayar da tsofaffin bayanai.

Dokokin jihohi ba su shafi laifukan da kotunan tarayya suka yanke wa hukunci ba. Hakazalika, hukumomin shige da fice, waɗanda na gwamnatin tarayya ne, galibi ba sa la'akari da rufewar da jiha ta yi. Don haka baƙon da aka rufe wa tarihi a New York na iya samun aiki da gidan haya, amma laifin ya sake tasowa ranar da ya nemi takardar zama ɗan ƙasa.