Mene ne tsofaffin kantunan Turawa?

Duk lokacin da aka ce za a faɗaɗa titi a garuruwa irin Gusau ko Funtuwa, sai ka ji an tayar da zancen tsofaffin kantuna. Gine-gine ne da kamfanonin cinikin Turawa, irin su John Holt da G.B. Ollivant da CFAO da UAC, suka kafa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ba su da wuyar ganewa: katanga mai kauri, rufin kwano, doguwar baranda, sito a baya.

A wancan zamanin, dillalai ne ke karɓar kuɗi daga kamfani, su shiga ƙauyuka su sayo gyaɗa da auduga da fata. A baranda ake ɗora buhu kan sikeli, a ciki kuwa ana sayar da atamfa, gishiri da kananzir. Gyaɗar Maraɗi ma ta Jibiya ta riƙa bi zuwa Kano.

Yau 'yan haya ne a cikin da yawansu, masu shaguna da teloli. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana kare ginin da aka ayyana a matsayin kayan tarihi ne kawai. Sauran, idan mai shi ya ga dama, sai ya rushe ya tayar da plaza.