Yara da Mutuwa: Littafin da Ɗiyan Sanam Ke Bukata

A Sanam, cikin ƙasar Kurfai, idan ciwo ya ɗauke yaro, sau da yawa akan ce wa ƙannensa ya yi tafiya. Manya su zauna makoki suna karɓar gaisuwa, yara kuwa a kora su waje. Sai ƙanen mamaci ya riƙa duban hanyar Filinge, yana jiran wanda ba shi dawowa.

Alhali yaran ƙasar nan sun san ciwo. Sanƙarau ya yi ɓarna mai yawa a Nijar a 1995, a 2015 kuma ya sa aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Zazzaɓin cizon sauro yana zuwa kowace damina, ga amosanin jini da ake gado. Abin da yaro ya rasa shi ne mai yi masa bayani.

Marubutan wasu ƙasashe sun ɗauki wannan nauyi. A 1977 Eleanor Coerr ta rubuta wa yara labarin Sadako Sasaki, yarinyar Hiroshima wadda bom na 1945 ya tarar tana da shekara 2. Ta rasu a 1955 da kansar jini, bayan ta yi ta ninke takardu siffar tsuntsu a gadon asibiti. A 2002, a Faransa, Eric-Emmanuel Schmitt ya wallafa labarin Oscar, ɗan shekara 10, wanda ya gane ajalinsa ya gabato, ya yi fushi da iyayensa domin sun ɓoye masa. Darasin a fili yake: shirun manya ya kan ƙara wa yaro tsoro da kaɗaici.

Tun 1973 aka soma koyarwa da Hausa a makarantar gwaji ta Damagaram, ga kuma ɗaliban yaƙi da jahilci, saboda haka masu karatu suna nan. Ya kamata malaman makaranta su rubuta gajerun labarai daga rayuwar Kurfai, da kalmomin da aka saba: jinya, haƙuri, addu'a, ta'aziyya. Hukumomin ilimi su buga su, uwa ta karanta wa ɗiyanta da dare, a lokacin tatsuniya.

Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.