Kalmar "Famfo" da 'Yan'uwanta a Hausa

Manufar wannan ɗan bayani ita ce a duba yadda Hausa ta sama wa kayan aikin ruwa na zamani sunaye, tun daga farkon shekarun 1930 da aka fara jawo ruwan kogin Challawa zuwa cikin Kano.

Kalmar da ta fi kowace yaɗuwa ita ce "famfo", wadda aka aro daga Ingilishi. Da yake Hausa ba ta bambanta sautin /p/ da /f/, kuma galibin sunayenta da wasali suke ƙarewa, sai aka yi wa kalmar kwaskwarima, har ta sami jam'i irin na gida, watau "famfuna". A harshen da aka aro ta, na'urar tura ruwa ko iska kaɗai take nufi. Bahaushe kuwa ya faɗaɗa ta. Abin da ake murɗawa ruwa ya zubo famfo ne, na tuƙa-tuƙa da ke bakin rijiyar burtsatse famfo ne, haka kuma wanda ake ba tayar keke iska da shi. Har ila yau, in an ce "ruwan famfo" ana nufin dukkan tsarin da hukuma ke kawo ruwa da shi, kishiyar ruwan rijiya ke nan.

Wannan yalwar ma'ana tana da illa ga mai fassara. In sanarwar ma'aikatar lafiya ta ce a gyara famfon da ya lalace, wanne ake nufi? A ganinmu ya kamata littattafan makaranta su tsaya kan "kan famfo" ga abin murɗawa, "injin ruwa" ga na'urar turawa, sa'an nan "bututu" ga abin da ruwa ke bi ta cikinsa. Shi bututu tsohuwar kalma ce da ta karɓi sabon aiki, kuma ta fi "fayif" da masu gyaran famfo ke faɗa daɗi a baki.

"Tanki" da "shawa" aro ne tsantsa, ba su da wata gardama.

Ta fuskar fitar da ruwa kuwa, Hausa ba ta bukaci aro sosai ba, domin magina sun daɗe da sanin indararo, wanda ke zubar da ruwan sama daga kan soro, da rariya, watau kafar da ake bari a gindin katanga.

Akwai kuma kalmar da ta rayu bayan abin da ya haife ta ya kau. Garwa gwangwanin kananzir ce, wadda masu sayar da ruwa kan rataya biyu a sanda su saɓa a kafaɗa. Yau jarkokin roba suke turawa a kura, amma har yanzu sunansu 'yan garuwa, kuma su ake nema duk ranar da aka ɗauke ruwa a unguwa.