Ina Za Mu Sami Taya Mai Sauƙin Kuɗi?

Kowace ƙungiyar manoma da ta taɓa mallakar mota ta san cewa sayen motar ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Mai yana ci, bakanike yana ci, amma abin da ya fi tayar wa ma'aji hankali shi ne ranar da direba ya zo ya ce ƙafafu huɗu duka sun suɗe. Sau da yawa kuwa maganar takan taso ne da kaka, sa'ad da masara ke jibge a gona, hanya kuma ba ta gama bushewa ba.

Mu ma abin ya same mu. Wata shekara muka ga kuɗin sabuwar taya ya fi ƙarfin asusunmu, sai muka aiki mutum biyu birni suka sayo na hannu guda huɗu, baƙi wuluk, suna sheƙi. Ba a yi mako shida ba, ɗaya ta baya ta fashe a kan gangare, a-kori-kurar tana ɗauke da tumatir. Allah ya kiyaye, ba wanda ya ji ciwo. Amma kafin a samo wata tayar washegari, rabin kwandunan sun zama ruwa, kuma tumatirin na mutum tara ne. Da muka zauna muka yi lissafi, asarar ta fi abin da muka yi murnar ragewa. Tun daga ran nan muka shiga tambaya, ga kuwa abin da muka koyo.

Da fari, me ya sa taya take da tsada haka? A dā ana yin taya a ƙasar nan. Kamfanin Michelin yana da masana'anta a Fatakwal, ya rufe ta a 2007. Dunlop na Ikeja, a Legas, shi ma ya daina yi a 2008. Rashin wutar lantarki da shigowar tayoyin waje masu araha su ne manyan abin da suka yi kuka da shi. Ana nan ana tatsar roba a Edo da Delta da Kuros Riba, amma tayar motar da muke hawa daga ƙetare take zuwa, da dala ake sayo ta. Saboda haka da aka saki naira a watan Yuni na 2023 ta fāɗi, kuɗin taya ya tashi tare da ita. Ba laifin mai shago ba ne kaɗai.

Wuraren saye iri uku ne. Akwai dillalan da manyan kamfanoni suka amince da su, irin masu sayar da Michelin na Faransa ko Bridgestone na Japan. Kayansu nagari ne, suna ba da rasit, amma sai mai ƙarfi. Akwai manyan kasuwannin kayan mota, kamar Ƙofar Ruwa a Kano, da Panteka a Kaduna, da Ladipo a Legas, da Nkpor kusa da Anaca, inda 'yan kasuwa da yawa na Arewa suke saro kaya. A irin waɗannan wurare za ka ga mai kyau da marar kyau shago na jikin shago, sai wanda ya buɗe ido. Sa'an nan akwai mai faci na bakin hanya, wanda yakan ajiye 'yan tsofaffi biyu ko uku. Shi na ranar wuya ne, don ya kai ka gida. Ba wurinsa ake yi wa mota takalmin shekara ba.

A ganinmu, hanyar da ta fi dacewa da aljihun ƙungiya ita ce ta tsakiya, watau sabuwar taya ta kamfanin da sunansa bai kai na manyan nan ba. Daga Sin akwai irin su Triangle da Linglong da Westlake, daga Indiya akwai MRF da Apollo da CEAT, akwai Maxxis na Taiwan da GT Radial na Indonesiya. Ba mu ce duka ɗaya suke ba. Kafin ku zaɓa, ku je tasha ku tambayi direbobin da ke bin irin hanyarku kullum da kaya. Su ba talla suke yi ba, kuma sun san wadda take jure duwatsu da wadda gefenta yake saurin kumbura.

To, tayar hannu fa, wadda ake kira Beljiyam ko tokumbo? Ya kamata kowa ya sani tana cikin jerin kayan da gwamnatin Nijeriya ta hana shigowa da su, ko da yake ga ta nan cike da kasuwa. Wadda aka cire a Turai, wani ne ya ga ta gama aikinta. Waɗansu ma an yi su ne domin ƙanƙara, za ka ga hoton dutse mai kai uku da alamar ƙanƙara a gefensu. Robarsu tana da taushi, zafin kwaltarmu a watan Afrilu yakan cinye ta nan da nan. Akwai kuma masu ɗaukar suɗaɗɗiya su sake yanka mata zane da wuƙa mai zafi, su shafe ta da baƙin mai. Ko sabuwa ma ba a rufe ido. Hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta sha kama tayoyin da aka cusa uku ko huɗu cikin juna don a rage kuɗin kwantena. Cusawar takan lanƙwasa wayar da ke bakin taya, inda take kama wili, kuma ba ta komawa daidai.

Ga abin da muke so wanda ƙungiya ta aika kasuwa ya riƙe a kansa, ko bai yi makaranta mai zurfi ba. Kowace taya tana ɗauke da shekarunta a rubuce. A nemi haruffan DOT a gefenta, a bi su har ƙarshe, za a ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In an ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019, wajen farkon Yuni ke nan. Wani lokaci a gefe ɗaya kaɗai ake buga su, sai a juya ta. In wurin ya yi kamar an kankare ko an liƙa wani abu, a bar ta. Hukumar kiyaye haɗarin hanya, FRSC, takan gargaɗi direbobi da su canja taya in ta shekara huɗu da yi. Masu yin tayar sukan ba da wa'adin da ya fi haka, amma mu da zafin ranarmu da ramukan hanyarmu, gara mu tsaya kusa da maganar hukuma. Saboda haka sabuwar da ta riga ta shekara uku a shago ba sabuwa ba ce, a nemi ragi mai yawa ko a wuce gaba.

Abu na biyu ma ya fi wannan muhimmanci ga mai ɗaukar buhu, kuma nan ne aka fi cutar mutanen ƙauye. Taya biyu suna iya hawa wili ɗaya, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Ta ɗaukar kaya tana da harafin C ko LT a jikin lambarta, kamar 195R14C ko 7.50R16LT. Bayan wannan akwai wata lamba mai nuna nauyin da za ta iya ɗauka. Lamba 106 tana nufin kilo 950. Ta ƙaramar mota mai kusan wannan girma takan zo da lamba 91, watau kilo 615 kaɗai. Mai shago zai ce maka, “Ai duk goma sha huɗu ne, Malam, ga wannan ta fi sauƙi.” Gaskiya ne ta fi sauƙi, amma ba don buhunan masara aka yi ta ba. Ku kwafi dukan rubutun da ke littafin motar ko a jikin ƙofar direba, ku ba ɗan aike a takarda.

A nan ma sai mu faɗa wa kanmu gaskiya. A-kori-kura irin Hilux wajen tan ɗaya aka yi ta ta ɗauka, buhu goma ke nan na kilo ɗari, har da mutanen da ke ciki. Mu kuwa mukan loda sha biyar, mu ɗora mata biyar a bisa, in taya ta fashe mu zagi Sinawa.

Game da ciniki, taya ɗaya ɗaya ita ce mafi tsada. In ƙungiyoyi uku ko huɗu na gunduma ɗaya suka haɗa bukatarsu, guda goma sha biyu ko sha shida, sun zama 'yan sari, mai shago zai saurare su. A zaga shago uku a ƙalla kafin a fitar da kuɗi. A tambaya ko kuɗin ɗaurawa da sabon bawul yana ciki. A karɓi rasit mai sunan shago, a sa a rubuta lambobin nan huɗu na kowace taya a kai, don kada a nuna maka wata a ɗaura maka wata. In kuɗi bai kai na huɗu ba, a sayi biyu iri ɗaya a sa su a baya, mafi kyau cikin tsofaffin kuma ta zama safaya.

Sa'an nan a sa wa direba ido kan iska. Ƙarancin iska yana sa taya ta yi zafi har ta ɓare daga ciki. Da safe ake aunawa, kafin mota ta yi tafiya, da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba. In gefe ɗaya na tayar gaba yana cinyewa ya bar ɗayan, ƙafafun motar ne suka karkace, a kai a daidaita su tun sabuwar ba ta bi sawun tsohuwar ba. A cikin kwarin zanen akwai waɗansu 'yan tudu masu tsawon milimita 1.6. Ran da zane ya yi daidai da su, tayar ta ƙare.

Mu dai yanzu a kan kowane buhu da motar ta ɗauka muna cire wani ɗan abu mu sa a asusu dabam, wanda ba a taɓa shi don mai ko biki. Magatakarda kuma yana rubuta ranar da aka ɗaura kowace taya, da sunanta, da shagon da ta fito, da lambar kilomita da ke agogon motar. A watan Agusta, kafin a fara karyar masara, kwamiti yakan fito da littafin, a zagaya motar ana dubawa ɗaya bayan ɗaya, har da safayar da ke ƙarƙashi.